Hoton Ƙafar Yaya

Auta ta fi son ɗakin hoto da safe, kafin layi ya taru. Da kafaɗa take tura ƙofar, domin an cusa mata dalma a ciki don ta tare hasken injin hoto, hannu ɗaya ba ya iya mata. Ta kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda don injin aka saka amma ita ma take cin arziki. Ta goge teburin da ake kwantar da marasa lafiya, ta duba rigar dalma ko masu aikin jiya sun rataye ta daidai, don in aka ninke ta, karyewa take yi daga ciki. Daga nan ta koma bayan tagar gilashi mai kauri, ta zauna da kofin shayinta tana kallon ɗakin, shiru sai gurnanin injin.

Aikinta a asibiti shi ne ɗaukar hoton cikin jikin mutane: ƙashi, ƙirji, ciki, duk abin da likita ya rubuto. Ta daɗe a kai, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, yatsunta su yini suna warin magani, har zuwa yanzu da hoto ke faɗowa kan allon kwamfuta kafin mara lafiya ya gama sauke numfashi. Maganganunta na yini kaɗan ne, kuma ba sa canjawa. A cire sarƙa. A cire ɗan kunne. Akwai makulli ko tsabar kuɗi a aljihu? Baiwar Allah, ko kina da juna biyu? Ja numfashi, riƙe, kar a motsa, to saki. A durowarta akwai gwangwanin madara cike da 'yan kunne wari-wari da zobba da aka manta, ba wanda ya taɓa dawowa nema.

Duk wanda ya sauko daga teburin nan sai ya tsura wa fuskarta ido. "Malama, me kika gani?" Amsarta ɗaya ce: "Likita zai yi maka bayani." Ta ga huhun da ya cinye, ta ga ƙashin da ya yi raga-raga, ta ga ƙusar da yaro ya haɗiye tana zaune abinta a ciki kamar ta biya haya, fuskarta ba ta taɓa tona mata asiri ba. Abokan aiki suna yaba mata da riƙon amana, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai akwai abin da ba su sani ba. Tana jin daɗin ɗan lokacin nan da ita kaɗai ta san abin da ke cikin mutum, mai jikin bai sani ba, likita bai sani ba, matar da ke jira a waje ba ta sani ba. Shirun da ake yaba mata, ba nauyi yake yi mata ba. Zaƙi gare shi.

Wannan doka a bakin ƙofar asibiti take tsayawa. A gida, Auta Likita ce.

Ita ce ta ƙarshe a ɗakin Mama, kuma a gidansu auta aike take gada, ba shagwaɓa ba. Auta ɗauko, Auta miƙo, Auta tashi manya na magana. Ta so karatun likitanci, maki bai kai ba. Babban yayansu, kafinta, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya goya ta a babur ɗinsa ya kai ta makarantar koyon ɗaukar hoto, da akwatin katako da ya haɗa mata da hannunsa. Ta gama, ta samu aiki, a gida ba abin da ya canja, har ranar da Mama ta zame a banɗaki. Kowa ya ce targaɗe ne, aka yi ta shafa man zafi ana ɗaurewa. Auta ta lallaɓa ta kai ta asibiti, ta ɗauki hoton, ta dawo da shi falo, ta ɗaga shi saitin taga, ta ɗora yatsa kan wani siririn layi a ƙashin wuyan hannu.

"Ga tsagewar nan," in ji ta. "Gani ya kori ji."

Falon ya yi tsit. Yayyenta maza, da gemunsu da komai, suka matso suna leƙe ta kafaɗarta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa buɗe baki an yi mata shiru irin wannan ba.

A ranar matar Yaya ta raɗa mata Likita, sunan kuwa ya bi ta. Ba ta taɓa cewa ita likita ce ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ita ba ce. Duk wanda ya je asibiti a dangi, komai nisansa, ambulan ɗin hotonsa sai ya biyo ta hannunta, daga baya kuma ta waya. In an taru a gidan Mama, kujera mai hannu ake ba ta, 'ya'yan yayyenta su ke ɗaukowa su ke miƙowa. "Hoto ba ya ƙarya," takan ce, tana gyara zaman tabarau.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, shi kaɗai ke tsokanarta. "Ranki ya daɗe, Likitar da ba ta taɓa rubuta ko maganin mura ba, kaina ke ciwo. Hoto za a ɗauke ni ko shayi za a ba ni?" Sai ta jefe shi da filo. Suna zaune lafiya, da 'ya'yansu biyu da bishiyar lemo a tsakar gida. Da za a tambaye ta abin da take so a ƙara mata a duniya, sai ta daɗe tana tunani kafin ta samo.

Wata safiya tana tsakiyar ɗaukar ƙirjin wani dattijo, wayarta ta yi ta ɓari a aljihu. Matar Yaya ce.

"Likita, muna nan asibitinku, sashen gaggawa. Yayanki ne. Ƙafar nan ta ƙi, ko takawa ba ya iyawa."

Kwanakin baya bakin kwanon rufi ya karce shi a ƙwauri, karcewar da ko jinin kirki ba ta yi ba. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Yana da ciwon suga, amma shi da maganinsa sai ranar da suka yi kiciɓis. Yanzu zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta kumbura, ta yi ja, tana sheƙi. Likitan da ya karɓe su ya zagaye iyakar jan da biro a jikin fatar, ya sa aka ɗebi jini, aka ɗaura ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya aika a kira likitan fiɗa, ya ce kafin ya iso a yi hoto.

Da aka turo Yaya ɗakinta a kan gadon turawa, Auta ta karanta abin da aka rubuto. Ba karaya ake nema ba. An ce a duba ko akwai iska a cikin naman.

Ta san abin da ake tsoro. Akwai cutar da ke shiga ta ɗan ƙaramin rauni, ta sami tantanin da ya lulluɓe tsoka a ƙarƙashin fata, ta bi shi tana ruɓarwa tana gaba, abin da ta ci da safe kafin la'asar ta ninka shi. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ke kawo ta suna fitar da iska. A hoto kuwa ƙashi fari ne, nama toka-toka, iska baƙa. In aka ga baƙaƙen ɗige-ɗige da zane-zane kamar gashin tsuntsu a inda nama ya kamata ya cika, to magana ta ƙare, sai a ruga tiyata. Ta taɓa gani, ba sau ɗaya ba, kuma ba duk masu ƙafafun ne ta sake gani ba.

"Yaya, sannu. Zan ɗan juya ƙafar."

Yatsunta kawai ta ɗora, can sama da inda jan ya tsaya, ya kurma ihu. Mutumin da ta taɓa gani guduma ta fasa masa farce, ya tsotse jinin ya ƙarasa labarin da yake bayarwa.

"Auta, a hankali mana! Ba katako ba ne."

"Ai da katako ne da ka fi kula da shi."

"Ku ji min yarinya. Yi abin da ya kawo ni."

Ta zura farantin ɗaukar hoto a ƙarƙashin ƙafar, ta daidaita hasken, ta koma bayan gilashi. "Kar a motsa." Ta ɗauki gaba, ta ɗauki gefe. Hoton ya faɗo. Ta ƙara masa girma, ta rage haske, ta ƙara, ta bi naman daga idon sawu har gwiwa, sannan ta sake bi. Ƙasusuwa biyu farare tas, miƙaƙƙu. Nama ya kumbura. Baƙin ɗigo ko ɗaya babu.

Ta tura ƙofar ta fito. Matar Yaya na tsaye ƙarƙashin jar fitilar da ke saman ƙofa, mayafinta a bai-bai. Mama ma ta iso, tana zaune a benci da carbinta. Duk suka ɗago.

"Likita?"

Shekara da shekaru, a wannan wurin, a wannan tsayuwar, amsa ɗaya take bayarwa. Amma waɗannan idanun ba na baƙi ba ne, idanun falon Mama ne suka biyo ta wurin aiki.

"Babu karaya, babu iska," in ji ta. "Hoton ya yi kyau."

Maganar tana da sauran rabi, kuma ta san shi kamar yunwar cikinta. An koya musu, ta kuma gani da idonta: hoto in ya nuna iska ya tabbatar da cutar, in bai nuna ba bai wanke kowa ba, don da yawa tana cinsu hoton yana nan fes. Rabin nan ya zo har kan harshenta. Sai matar Yaya ta rungume ta tana kuka, Mama ta ɗaga hannu sama, Auta ta haɗiye shi. Ta gaya wa kanta tausayi ne, a bar su su ɗan numfasa. Kafin a mayar da Yaya sashen gaggawa, matarsa ta kira mutum uku. "Likita ta duba da kanta, ta ce ba komai."

Likitan fiɗan gajere ne, mai sanyin murya, da hular tiyata a kansa da takalmin roba. Hoton kallo ɗaya ya yi masa a allo. Ƙafar ce ya daɗe a kanta. Ya danna nan, ya danna can, yana kallon fuskar Yaya. Inda fata take lafiya a ido, nan Yaya ya fi ihu. A tsakiyar kumburin kuwa, inda ta fara yin duhu ta taso da 'yan ƙuraje masu ruwa, ya ce ko kaɗan bai ji an taɓa shi ba.

"Baba," in ji likitan, "sai mun shiga tiyata. Yanzu, ba anjima ba. Zan buɗe in gani, abin da ya mutu in cire."

Yaya yana da aboki mai fenti da ya shiga tiyata saboda ɗan yatsan ƙafa, ya fito ba ƙafa har gwiwa. Kowa a gidan ya san labarin, don Yaya ya ba da shi ya fi a ƙirga.

"Dakta, ka ga hoton kuwa?"

"Na gani."

"Me ya nuna?"

"Bai nuna komai ba."

"To Allah ya yi maka albarka. A rubuta mini magani in tafi gida."

"Wannan cutar ba kullum hoto ke kama ta ba, Baba. Zafin da kake ji ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, jininka ma ya nuna, ga zazzaɓi. Ni waɗannan nake bi."

Matar Yaya ta gyara mayafi. "Gaskiya, Dakta, mu likitarmu ta duba. Ta ce lafiya lau."

"Wace likitar?"

Auta ta biyo su, tana tsaye a bakin labule. Kawunan dai suka juya gaba ɗaya. Likitan ya bi su da ido har kan Auta, wadda ya saba gani ta bayan gilashi. Bai yi murmushi ba, bai ɗaure fuska ba.

"Malama, ɗan zo mana."

A baranda, kafin ya ce komai ta riga shi. "Dakta, ko mu ba shi zuwa yamma in sake ɗauka? Ko a kai shi babban injin hoto na asibitin? In ya ga iskar da idonsa zai yarda."

"In na jira injinki ya gani, ƙafar ta tafi. Wataƙila har da mai ita." Ya cire hular ya sosa kai ya mayar. "Ɗakin tiyata a shirye yake. Amma ba na yanka mutum bai yarda ba. Ni bai san ni ba, ke ya sani. Ina nan."

Ta tsaya tana kallon wata nas da ke tura keken magani. Sai yanzu ta ji abin da ta roƙa da kunnenta. A bar cuta ta ƙara cin ƙafar yayanta, har ta yi yawan da injin zai gani, don ya zama injin ne ya faɗa, don hoto ya ci gaba da zama mai gaskiya, ita kuma ta ci gaba da zama a kujera mai hannu. Ba haka ta nufa ba. Amma ko ta wace hanya ta bi lissafin, nan yake sauka.

Ta koma ciki, ta ja labule, ta tsaya a gefen gadon.

"Yaya, ka san yadda gara ke cin ƙofa ta ciki, fenti yana nan lafiya lau..."

"Auta, kar ki koya mini gara. Tun ba a haife ki ba muke fama da ita."

Dabara ba za ta yi ba ke nan.

"To. Hoton nan bai wanke ka ba. Da ya nuna iska, da mun tabbata cutar ce. Da bai nuna ba, bai ce komai ba. Na taɓa ɗaukar ƙafa irin taka, hoto fes, kwana biyu na tambayi mai ita aka ce sai haƙuri. Na san haka ɗazu da na fito na ce muku ya yi kyau. Rabin magana na faɗa."

"Amma Likita," in ji matar Yaya, "ke kike cewa hoto ba ya ƙarya."

"Ba ya ƙarya, Anti, amma ba komai yake gani ba. Kuma ni ba likita ba ce. Hoto nake ɗauka. Likita ga shi can a baranda yana jira."

Ta ɗauka rufin zai rufto. Mama ko carbinta ba ta tsayar ba. Yaya kuwa dariya ce ta kama shi, ta girgiza ƙafar, ya cije leɓe ya runtse ido har ta lafa.

"Yau kuma? Ni da na goya ki a babur na kai ki makarantar, ni za ki gaya wa?"

"To me ya sa..."

"Sunan daɗin faɗa gare shi. Ki je shagona ki ji. Duk wanda ya zo yin kujera sai ya san ƙanwata likita ce, ko bai tambaya ba." Ya ja numfashi. "Kowa ya sani, Auta. Har Antinki."

"Ni dai ban sani ba," in ji matar Yaya.

"Kin sani. Ke ce kika ƙi kai mata 'yarki da ta yi ta amai, kika ce wannan sai likitan gaske."

Matar Yaya ta sa bakin mayafi ta rufe baki. Auta ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Ashe sarautar da ta yi shekaru tana tattali kamar ƙwai, aro aka ba ta, kuma masu ba da aron sun fi ta morarta. Sannan ta gane wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Yaya bai yarda da hoton ba shi ma. Shi ne mai ƙafar, shi ya san abin da yake ji a cikinta. Wurin ɓuya yake nema, ita kuma ta miƙa masa.

Ya yafito ta da hannu, ta sunkuya. Goshinsa duk gumi.

"Tsoro nake ji," ya ce, ƙasa-ƙasa yadda matarsa ba za ta ji ba. "In suka cire ta, da me zan hau tsani?"

Ta yaye zanen da aka rufe ƙafar.

"Yaya, kai ka san layi. Ga wanda aka ja maka da biro da kuka zo. Dubi inda jan ya kai."

Ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago. Jan ya tsallake layin ta sama, ya nufi gwiwa. Ya ɗora yatsunsa a tsakani yadda yake auna kaurin katako in ba ya kusa da awo. Yatsu biyu suka shiga, da saura. Ya daɗe yana kallo.

"Tun zuwanmu?"

"Tun zuwanku."

Ya koma ya kwanta. "Kira shi."

Da likitan ya shigo, Yaya ya tambaye shi kai tsaye. "Dakta, cire ta za ka yi?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. In muka shiga yanzu, ina sa ran fata da naman da ya mutu kawai zan ɗebe. In ka kai gobe, ba maganar ƙafa za mu yi ba."

"To ka yanka a kan layi. Kar ka yi mini aikin 'yan koyo."

"In sha Allahu, Baba."

Ya sa hannu, aka tura shi. Auta ta raka gadon har ƙofar tiyata, inda iyakarta take, sannan ta koma ɗakinta, don layi ya kai har bakin matakala kuma ƙashin mutane bai san yayanta ba shi da lafiya ba. Ja numfashi, riƙe, to saki. Sau biyu ta manta ta ce a saki, sai da mara lafiya ya gaji ya saki da kansa.

Da la'asar likitan fiɗa ya leƙo ta ƙofa, hular a hannunsa. Ya ce cutar ce. Tantanin ya yi toka-toka, yana fitar da ruwa kamar na wanke-wanke, yatsa yana ratsa shi ba ya tirjewa, ta kusa kai gwiwa. Ƙafar tana nan tukuna, amma sai sun sake komawa su duba. Ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Hoton ya ɗauku da kyau, Malama."

"Na gode, Dakta."

Sun koma, ba sau ɗaya ba. Kowace shiga a ƙara ɗebe kaɗan, har ranar da aka buɗe aka tarar da nama ja mai jini, likitan ya ce cutar ta tsaya. Daga baya aka yanko fata daga cinyarsa aka yi wa ƙwaurin faci. Yaya ya yi makonni a kwance, ya koyi sunan kowace nas, ya koyi shan maganin suga a kan lokaci don ba a ba shi zaɓi ba, ya kuma sanar da duk ɗakin cewa ɗinkin likitan ba laifi, sai dai wajen kusurwa hannunsa bai faɗa ba.

A wajen jinyar ne abubuwa suka sauya wa Auta, ba tare da wani ya zauna ya yanke ba. Wata rana matar Yaya, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Auta, miƙo mini flas ɗin nan." Abin ya soke ta har ƙahon zuciya. Ta miƙa. Da ta ba mijinta labari ya ce, "Ikon Allah, an sauke ki ba fansho." Ta nemi filo ba ta samu ba, ta jefe shi da ɗankwali.

Sunan bai mutu gaba ɗaya ba, yara suna faɗinsa, Mama ma in ta so zolaya. Hotunan dangi dai sun ragu a wayarta. In an taru kuma ba wanda ya hana ta kujera mai hannu, ita ce ta fara zamewa ƙasa kan tabarma kusa da yayyenta mata. A nan ta gano cewa duk shekarun nan akwai hirar da ba ta hawa kujera: wa ya yi yaji, wa ya dawo, wace ce ta sayi firji ta ɓoye wa mijinta farashin. An yi ta girmama ta ana ɓoye mata daɗin gidan. Wani lokaci takan yi kewar shirun nan da ake yi mata, ba za ta ce ba ta yi ba. Amma ba ta taɓa cin dariya a gidan Mama irin ta wannan shekarar ba.

Ranar sallama da hantsi aka kawo keken marasa lafiya. Yaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa za a ɗora?"

"Kai mana," in ji matarsa.

"Ƙafar da na sha wannan wuyar a kanta, ita zan naɗe in hau keke? Je ki nemo mota. Auta, ba ni sandar nan."

Matarsa ta yi gaba da kaya tana mita. Su biyu suka biyo baranda, shi da sanda a dama, hannunsa na hagu a kafaɗar Auta. Ƙafar ta rame, ta ɗan sandare, yana jan ta kaɗan, amma tana taka ƙasa. Masu shara suka yi masa barka, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowace gaisuwa dalilin tsayawa ya huta ba tare da ya ce ya gaji ba. Kafin su kai bakin get gumi ya jiƙe masa riga. Akwai wani benci a gindin bishiya, ya zauna a kai da ƙarfi, bencin ya yi gefe ya dawo.

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinsa, ya girgiza shi da hannu, ya yi tsaki.

"Dubi wannan. Ƙusa kawai aka buga, ba a ko fafe ba. Wane mara tsoron Allah ne ya yi muku wannan aikin?"

"Yaya, ka bar bencin mutane."

"Ki gaya musu in na warware zan zo in gyara. Kafin ya kayar da wani su ce sai an yi masa tiyata."

Ya miƙe ƙafar a rana, ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana kallonsu. Auta ta san layi na jiranta. Ta zauna a ɗaya gefen don bencin ya daidaita, suka jira motar tare.